Faifan da Yaya Mansur ya ce bai iso ba

Juma'ar da ta wuce yayana Mansur ya cika shekara bakwai da rasuwa, Allah ya jiƙansa ya kai haske kabarinsa. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro, in yi ta juya shi, in ajiye. Bana dai ba makawa, domin akwai wata takarda da ta hana ni sakat, kuma ba zan iya maganarta ba sai na fara da maganarsa. Takardar kiran aiki ce daga wani kamfanin fassarar finafinai a Kano, direban motar haya ya kawo mini ita har gida. Sun ba ni zuwa ƙarshen wata in ce e ko a'a. Amsar kuwa ba a bakina take ba, tana bakin mahaifiyarmu, Inna, wadda ni kaɗai na rage mata a gida.

Wanda ya zauna unguwarmu a Daura, can ƙasa da Kusugu, ya san Mansur Mai Jirgi. Bayan rasuwar mahaifinmu shi ya mai da zauren gidanmu gidan kallo. Da an sallame la'asar sai a toshe taga da buhuna, a tada janareta, mutane su cika benci har bakin ƙofa. Yaya ba ya sa fim ɗin soyayya, yakan ce shi ba zai ƙona fetur don ya kalli mutum biyu suna zagaya bishiya ba. Abin da yake so shi ne finafinai masu dogon zango na dodanni, da jiragen da ke yawo tsakanin taurari, da matattun da ke tashi su kama hanya. Kuma na araha yake so, irin wanda in ka zura ido za ka hango zif a bayan dodon, in an sare shi jininsa ya fito kore kamar miyar kuka. In ka yi masa dariya sai ya ce ai dodon da ka ga zif ɗinsa kuma ka ji tsoro, shi ne dodon gaske.

Faya-fayan wani ɗan kasuwa ne yake kawo masa su, Isuhu, mutumin wajen Damagaram, da ke ƙetarowa ta Kongolam da dabino. Shi ya sa duk da Faransanci suke zuwa, Yaya kuwa ko gaisuwar Faransanci bai iya ba. To ga yadda yake aikinsa. Kowane faifai sai ya kalle shi sau uku shi kaɗai da hantsi, ya kashe sauti gaba ɗaya, yana riƙe da littafin makaranta da biro. Fuskokin mutane yake karantawa: wa ya ɗaure fuska, wa ya kau da kai, wa ya tsaya kusa da wa. Daga nan ya shirya labarinsa, ya raɗa wa kowa suna. Da yamma ya ɗauki lasifika ya yi muryar kowa, namiji da mace da dodo. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ko abin da Turawan ke faɗa ke nan. Mu dai mun ɗauka Allah ne ya ba shi.

Wanda ya ba shi suna a gari shi ne wanda ya kira Jirgin Da Ba Ya Sauka, mai faifai goma sha biyu. Wasu mutane ne cikin wani ƙaton jirgi a sararin samaniya, ƙofofinsa sun rufe, ba ƙasar da za su sauka, kuma duk bayan ɗan lokaci sai a nemi mutum ɗaya a rasa. Matuƙinsu wani saurayi ne da Yaya ya raɗa wa Garba. Akwai kuma wata tsohuwa mai farar riga da tarin makullai a ƙugu, wadda ke bayyana a lungunan jirgin. Ba ta yi wa Garba magana. In ya shigo sai ta kau da kai, in ya juya baya sai ta bi shi da kallo. Yaya ya ce ai wannan uwarsa ce, shi ne ɗanta na fari, kuma ita take kulle ƙofofin don kada abin da ke waje ya ɗauke mata shi. Wallahi zauren nan ba wanda ya yi musu. Tsohuwar da ba ta kiran sunan saurayi, ba ta haɗa ido da shi, amma idonta na kansa, mu nan me za mu kira ta in ba uwarsa ba?

Domin haka Inna take da Yaya. Shi ne ɗanta na fari, kuma Inna irin mutanen zamanin da ce, masu riƙe kunya da gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Wancan take ce masa, in ta so sakin fuska ta ce mai zaure. In tuwonsa ya yi sanyi, ni za ta kira, ta ce, "Auta, gaya wa wancan abincinsa na jiransa," shi kuwa yana tsaye taku uku daga inda take. Ba ta taɓa leƙa zaure ta ga hoton ba, ta ce ita ba ta kallon aljanun Nasara. Amma da an tada janareta sai ka ga ta jawo tabarma bayan ƙofar zaure ta cikin gida, ta ɗauko wake tana tsinta. Waken nan kwano ɗaya sai ya kai magariba bai tsintu ba.

Ana cikin Jirgin ne, wajen faifai na bakwai, wasu mutanen Kano suka ji muryarsa a katin waya, domin ya fara naɗar fassararsa yana tura wa matan unguwa. Suka aiko ya zo su ba shi aiki, da ɗaki mai sanyi da na'urori na gaske. Ban taɓa ganin Yaya cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya yi wanka, ya sa kaftaninsa na Juma'a, ya shiga cikin gida ya durƙusa a tsakar gida, ya gaya wa Inna komai. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Da ya gama sai ta kira ni. Ta ce, "Auta, tambayi wancan, in ya tafi wa zai sa ni a rami?" Ni kuma, da girmana, na gama difloma, na juya na maimaita masa maganar kalma da kalma kamar bai ji ba. Har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina. Ya ce, "Gaya mata na ji." Ya tashi ya cire kaftanin, ya je ya duba man janareta.

Bai sake ɗaga maganar ba. Amma waɗanda suka zauna zauren a lokacin za su shaida muryar Garba ta canza. Da can matuƙi ne mai barkwanci, yana tsokanar dodo kafin ya harbe shi. Daga faifai na takwas sai ya zama mai yawan tsayawa gaban taga yana ƙirga taurari, yana cewa ga can inda ya so zuwa. Mutane suka ce fim ɗin ya ƙara daɗi. A ƙarshen faifai na goma sha ɗaya Garba ya isa ƙofar ƙarshe, wadda in ta buɗe za a fita, tsohuwa tana tsaye bayansa da makullanta, sai hoto ya ɗauke. Aka yi caa, kowa na cewa a sa na gaba. Yaya ya ce faifan ƙarshe bai iso ba, Isuhu na nema.

Kusan shekara biyu ana tambayarsa, a masallaci, a wurin mai shayi, har a wurin jana'iza. Amsarsa ɗaya ce, bai iso ba tukuna. Ya sa wasu finafinan, na macizai masu kai uku da na garin da rana ba ta fitowa, amma mutane Jirgin suke so. Sai ciwon ƙoda ya kama shi, ya yi wata biyar yana fama, Allah ya karɓi abinsa yana da shekara talatin da takwas, ko aure bai yi ba. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Masu ta'aziyya suna shigowa tana amsawa kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Sai bayan sadakar arba'in, ina kwashe tabarmi, ta ce, "Auta, yaron nan na jirgi, ya fita kuwa?" Na ce faifan bai iso ba, Inna. Tun daga nan duk shekara ranar da ya rasu sai ta yi mini wannan tambayar, sau ɗaya, ba ƙari. Ita ke nan maganar Yaya da ke tsakanina da ita.

'Yan'uwana mata biyu suna gidajensu, ɗaya a Katsina ɗaya a Sandamu, don haka zauren ya faɗo kaina. Na ce zan riƙe na shekara ɗaya kafin in nemi aiki. Ga shi shekara bakwai. Bencin nan tuni na sayar da rabinsu, domin yanzu ba mai zuwa kallo sai ranar ƙwallo. Abin da nake yi shi ne turi, mutum ya kawo wayarsa in zuba masa fim, ya biya ya tafi. Nakan kuma ɗan taɓa fassara, kuma an ce muryata tasa ce sak, abin da ya ja hankalin mutanen Kano ke nan. Ba na jin daɗin wannan yabon. Kamar an ce maka rigar mamaci ta yi maka kyau ne.

Nakan zauna a zauren in ce da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Na san zai fara da tsaki. Dodannin yanzu ba su da zif, an ƙera su da na'ura har gashin hancinsu kana gani, amma ka ga matashi yana kallonsu a waya yana cin gyaɗa, ko gezau. Kowa da abin kunnensa, kowa da nasa tsoron shi kaɗai. A zamanin Yaya in dodo ya faɗo daga rufin jirgi mutum hamsin ne ke zabura tare, wani ya taka ƙafar wani, a yi salati, a fashe da dariya. Tsoron da aka raba da mutane ba ya bin ka gida. Zai kuma ce finafinan yanzu ba su san ƙarewa ba, zango bayan zango, har mai kallo ya tsufa. A nan zan ce masa, Yaya, kai ne za ka yi wa wani gorin rashin ƙarasa labari?

Abu ɗaya na tabbata, da yau ne da sana'arsa ba ta kwana biyu ba. Yanzu waya da kanta take fassara, kowa na iya bincika labarin fim kafin a gama tallan farko. Da wani ya miƙe a benci na uku ya ce Malam Mansur ƙarya kake yi, ba haka aka ce ba. Kuma gaskiyarsa ne, ba haka aka ce ba. Sai dai ni ban taɓa ganin fassarar waya ta sa dattijo ya share hawaye da bakin rawani ba, Yaya kuwa na ga ya yi hakan da idona.

Ni kaina da na so sanin ƙarshen Jirgin da na nemo tuntuni. Ban nema ba, ban kuma tambayi kaina dalili ba. Daminar bana ce ta tona. Rufin zauren ya yi yoyo daidai kan akwatin ƙarfensa, wanda ban taɓa buɗewa ba, dole na fito da kayan ciki in shanya. Littattafansa ne na fassara, cike da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza. A tsakiyar na ƙarshe na ji wani abu mai tauri. Faifai ne cikin leda, an rubuta 12 a kansa da hannunsa. A shafin da yake, ya rubuta "Faifai na goma sha biyu" a sama, ya fara layi huɗu ya soke su duka har biro ya huda takarda. A can ƙasa ya rubuta kalma uku bai soke ba: "Inna tana ji."

Na kalli faifan yadda Yaya yake yi, da hantsi, sauti a kashe. Ba sai ka ji Faransanci ba. Amma don in tabbatar, ranar kasuwa na hau mota na je Kongolam na nemo Isuhu, ya tsufa, yana zaune gaban buhunan dabinonsa. Ya ce shi tare ya kawo na goma sha ɗaya da na goma sha biyu, rana ɗaya, a leda ɗaya. Da na ba shi labarin yadda muka san fim ɗin, sai da ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Wace uwa? Ai ita ce dodon." Tsohuwar nan ba mutum ba ce, ita ta kama jirgin, ita take cinye mutanen ɗaya bayan ɗaya, tana shan ƙuruciyarsu don ta rayu. Kau da kan da take yi, don kada matuƙin ya ga idanunta ne ya gane ta. A faifan ƙarshe fuskarta ta tsage, abin da ke ciki ya fito, matuƙin ya cinna mata wuta, ya ƙwace makullan ya buɗe ƙofa.

Da Isuhu ya ga ban yi dariya ba sai ya cika mini leda da dabino ya ce in kai wa Inna. A mota na yi ta tunani. Faifai goma sha ɗaya Yaya yana gaya wa gari cewa wannan uwa ce mai kulle ɗanta don ƙauna, da zuciya ɗaya, domin haka ya gani. Sai ya zauna shi kaɗai ya ga abin da ke ƙarshe. Hoto ba ya ɓoyuwa, ba muryar da zai ɗora a kan wutar nan ta zama wani abu daban. In ya sa shi, mutum hamsin za su ga ɗa ya ƙone uwarsa don ya samu hanya, su yi sowa, Inna kuma tana bayan ƙofa da kwanon wakenta tana jin muryar ɗanta na fari yana faɗa. Sai ya zaɓi ya bar Garba tsaye gaban ƙofa. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa da bai gaya mini ba. Na ji haushin Inna ma, Allah ya yafe mini, har na kwana biyu ina gaishe ta a tsaye.

Takardar Kano ta zo bayan wannan da 'yan makonni. Na rasa ta inda zan ɓullo wa Inna. Idonta ya yi rauni, ƙafa ta ƙi, ni nake kai ta asibiti, ni nake raba mata magani safe da yamma. Ni ba ɗan fari ba ne, tana kiran sunana, tana wasa da ni, amma maganar ta ƙi fita. Sai na ce bari in yi dabara irin ta gidanmu, in bi ta bakin Garba. Na san Juma'a za ta tambaya.

Bayan an sauko daga masallaci, an raba wainar sadaka, muna zaune a inuwar ɗakinta, ta ce, "Auta, yaron nan na jirgi, ya fita kuwa?" Na ce, "Faifan ya iso, Inna. Ya fita." Ta ajiye carbinta. Na gyara murya na shirya mata ƙarshen da babu shi a kowane faifai. Na ce tsohuwar da kanta ta kwance makullan daga ƙugunta, ta miƙa masa, ta sa masa albarka. Ya buɗe ƙofa, ya sauka wata ƙasa mai ruwa da itatuwa, ya yi aiki, ya yi suna, yana aiko mata da saƙo. Na yi ƙoƙari ƙwarai, har ni kaina na kusa yarda. Hannuna na cikin aljihu a kan takardar, ina jira ta ce madalla in fito da ita.

 Can ta ce, "Ita tsohuwar, wa ya zauna da ita?" Na ce ba a nuna ba, Inna. Ta gyaɗa kai, ta lalubo carbinta. Ta ce, "Wannan ba ƙarshensa ba ne. Da Mansur ne ya faɗa, da bai bar ta ita kaɗai a jirgin ba."

Shekarata talatin da uku a duniya, ranar na fara jin sunan a bakinta. Ta faɗe shi a hankali, kamar tana tsoron ya zube. Sai hawaye, wanda ba ta yi ranar jana'iza ba, wanda ba ta yi a arba'in ba. Na zare hannuna daga aljihu na riƙe nata. 

In aka tambaye ni me ya rage na Yaya Mansur, ba zan ce zaure ba, domin zauren yoyo yake. Ba zan ce faya-fayan ba, yawancinsu sun daina yi. Akwai dai magidanta a garin nan, wasu har da furfura, da har gobe suka yarda cewa can wani wuri a sama akwai wata uwa mai kulle ƙofa don tana son ɗanta. Turawan da suka yi fim ɗin dodo suka ƙera, Yaya ya kalle ta da idon ɗan Daura ya ga uwa, kuma da ya gano kuskurensa bai yarda ya gyara shi a gabanta ba. Ban sani ba ko wannan ladabi ne ko tsoro ne, wataƙila shi ma bai sani ba. Na dai san abin da ya biya, domin yanzu ni nake zaune a kujerarsa. Allah ya gafarta masa, ya buɗe masa ƙofofin da bai samu a nan ba.

Takardar na ninke ta na sa a littafinsa, a shafin da faifan yake, na mayar cikin akwati. In mutumin kamfanin Kano yana karanta jaridar nan, ya yi haƙuri da ni. Jiya ya kira ni a waya yana tambaya ko na duba takardar da suka aiko. Na ce masa ba ta iso ba tukuna.